Kolibri a makarantar da ba intanet: abin da take iyawa da inda take ba da wahala

Kolibri manhajar koyarwa ce da aka yi domin makarantar da ba ta da intanet, ko wadda take da ita amma kuɗin data ba zai bari aji guda ya kalli bidiyo ba. Ƙungiyar Learning Equality da ke birnin San Diego na Amurka ce ta ƙirƙire ta, ta fito da ita a 2017 ta gaji KA Lite, wadda tun 2012 ake kai darussan Khan Academy, wani shafin koyarwa na kyauta a intanet, da ita inda babu sabis. Kyauta ce. Ba kuɗin rajista, ba biyan wata-wata, ba lasisin da zai ƙare ana tsakiyar zango. A lissafi da kimiyya, daga aji 4 na firamare zuwa ƙarshen sakandare, da wuya a sami abin da ya fi ta ga makarantar da ba ta da layi. Sai dai kyautar a kan manhajar ta tsaya. Wuta da rauta (na'urar watsa Wi-Fi) da na'urorin yara da lokacin malami duk sai an biya, kuma a waɗannan ne aikin yake tsayawa ko ya rushe.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kwamfuta ɗaya ake ɗora wa Kolibri, ita ce saba, a cikinta darussa da sunayen ɗalibai da makinsu suke zaune. Sai a haɗa ta da rauta mai watsa Wi-Fi a cikin aji. Kowane yaro ya haɗa tablet ko waya da wannan Wi-Fi, ya buɗe Chrome ko Firefox, ya rubuta adireshin sabar, ya shiga. Rautar ba ta neman layi, ba ta cin data ko ta kwabo, aikinta kawai haɗa na'urorin da ke ɗakin da junansu. Adireshin yakan zo kamar haka: 192.168.0.10:8080. Lambar ƙarshen nan, 8080, ita yara suka fi mantawa, shafi ya ƙi buɗewa a ɗora wa sabis laifi. A rubuta adireshin da manyan lambobi a bango kusa da allo.

Kwamfutar da za ta zama saba iri biyu aka fi amfani da su. Ta farko tsohuwar laftof ce mai RAM gigabait 4 ko 8, wadda batirinta yake riƙe caji ko da na awa ɗaya ne. Ga makarantar da ba ta da wanda ya san Linux, wannan ta fi kwanciyar hankali, domin tana da fuska da madannai da agogo da batirin kanta, in wuta ta ɗauke ba ta mutuwa nan take. Abu biyu ne suke hana ta aiki a Windows. Na farko, in an fara kunna Kolibri, katangar tsaron Windows za ta tambaya ko a bar ta ta yi magana da sauran na'urori. Wanda ya danna a'a zai ga komai yana buɗewa a laftof ɗin, amma ba tablet ɗin da zai iya shiga. Na biyu barci ne: a shiga saitin wuta a hana ta barci, a kuma hana ta mutuwa in an rufe murfi, in ba haka ba ana tsakiyar darasi aji duka zai tsaya.

Kwamfuta ta biyu ita ce Raspberry Pi, 'yar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba. Pi 4 mai RAM gigabait 4 ta ishi aji ɗaya. Learning Equality tana da shiryayyen fayil da ake rubutawa a katin memori, a soka, a kunna, Pi ɗin ta buɗe Wi-Fi nata mai suna kolibri, a shiga ta 10.10.10.10. Wannan ya yi kyau wajen gwaji da na'ura biyar ko goma. Ga cikakken aji kuwa bai yi ba. Rediyon Wi-Fi na jikin Pi ƙarami ne, ba don ɗaukar taro aka yi shi ba, da na'urori sun yi yawa sai ya riƙa yar da wasu yana karɓar wasu. A sayi rauta daban, a haɗa ta da Pi ɗin da kebul, kada a haɗa su ta iska.

Rautar ma ba kowace ba. A yi lissafi: in bidiyo ɗaya yana jan megabit 1 a daƙiƙa, yara 40 suna jan 40 a lokaci guda, alhali ƙaramar rautar gida da ke aiki a 2.4GHz kaɗai ba kasafai take ba da wannan a zahiri ba, komai aka rubuta a kwalinta. A nemi mai zango biyu, 2.4GHz da 5GHz, a tura duk na'urar da ta iya zuwa 5GHz. Shi 5GHz ya fi gudu amma ba ya ratsa bangon bulo sosai, don haka rautar ta zauna a cikin ajin da ake karatu, a sama, kada a kulle ta a ofishin hedimasta a ce za ta kai ajin da ke ƙarshen gini. In rauta biyu ce a 2.4GHz kusa da juna, a raba musu tasha tsakanin 1 da 6 da 11, su ne ba sa hawan juna. Sannan a shiga saitin rautar a ɗaure wa sabar adireshi ɗaya da ba ya canzawa. Wanda bai yi haka ba, ran da aka kunna tablet kafin saba, rautar za ta ba sabar wata lamba, abin da aka rubuta a bango ya tashi aiki.

Akwai wata matsala ta wayoyin Android da take ruɗa mutane. Waya in ta ga Wi-Fi ɗin ba ya kai ta intanet, sai ta koma datar layinta a ɓoye, alamar Wi-Fi tana nan amma shafi ba ya buɗewa. Maganinta a kashe data, ko in wayar ta tambaya ko ta ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi a ce mata e.

Katin memori shi ne wurin da aka fi cutar mai saye. Kasuwa cike take da kati mai rubutun gigabait 128 wanda cikinsa bai wuce 8 ko 16 ba. Kwamfuta za ta nuna 128, kwafi ya tafi lafiya, sai daga baya bidiyo su riƙa ƙin buɗewa, domin sabon fayil yana hawa kan tsoho. Kafin a ɗora komai a gwada katin da H2testw a Windows ko F3 a Linux, su cika shi su karanta, su faɗi gaskiyar girmansa. Wanda ya fi wannan ma, a bar katin ya ɗauki tsarin kwamfutar kawai, darussa su zauna a faifan SSD da aka soka a ramin USB mai launin shuɗi. Caja kuma a duba jikinta a ga 5V 3A, da kebul gajere mai kauri. Cajar waya ta gama-gari za ta kunna Pi 4, amma da aiki ya yi nauyi ƙarfin wutar zai sauka, jan fitilar jikin allon ta riƙa ƙiftawa ko ta mutu, Pi ɗin ta rage gudu, wani lokaci ta lalata abin da take rubutawa.

Lissafin wuta a takarda ya kamata a yi shi kafin a je kasuwa, saboda masu saye sukan auna sabar su manta da tablet. Pi 4 tana jan kusan wat 3 in tana zaune, ta kai 6 ko 7 in aiki ya yi yawa. A ba rauta wat 8. A ce wat 15 ke nan, a yinin makaranta na awa 7 ya zama 105Wh (Wh shi ne wat sau awa). Batir mai ruwa ko na jel 12V 20Ah yana ɗauke da 240Wh a rubuce, amma rabi ake so a sha in ana son ya daɗe, wato 120Wh, ya isa da ƙyar. To ga tablet: mai batir 6000mAh yana ɗaukar kusan 23Wh, guda 20 sun zama 460Wh, in an haɗa da abin da caja ke zubarwa a ƙaddara 600Wh. Cajin tablet ya ninka cin saba da rauta fiye da sau 5. Faifan sola na wat 200, da rana mai ƙarfi ta awa 5, in an cire kashi 30 cikin 100 na asara, zai ba da 700Wh, daidai wa daida ba rara. A sayi na wat 300, musamman don lokacin hunturu da ƙura ke rufe faifan da sararin sama, a kuma sa a riƙa goge shi. Cajin tablet a yi shi da rana bayan an tashi, rana tana sama, kada a bari sai dare a tatsi batir. Ita kuma saba da rauta ba sa buƙatar inbata: ƙaramar na'urar sauke wuta daga 12V zuwa 5V ta ishi Pi, rautoci da yawa kuma 12V suke sha kai tsaye, sai dai a karanta jikin rautar tukuna don wasu 9V ne.

Abin da ya fi kashe wannan tsari shi ne zare wuta. Kolibri tana ajiye sunaye da maki a fayil ɗin bayanai guda, in wuta ta yanke tana cikin rubutu fayil ɗin yana iya lalacewa, washegari manhajar ta ƙi tashi. Pi 4 ba ta da maɓallin kashewa, don haka ko a ƙara mata ɗaya, ko a koya wa malamai biyu umarnin sudo shutdown -h now, a jira koriyar fitila ta daina ƙiftawa sannan a zare. Pi 5 da ta fito a 2023 ta zo da maɓalli, sai dai ta fi cin wuta, cajarta ta wat 27 ce. Pi 4 kuma ba ta da agogo mai batir. Ba intanet da za ta gyara lokaci, sai ta tashi da lokacin da aka kashe ta, aikin Litinin ya fito a rahoto da kwanan Juma'a. Ɗan allon agogo DS3231 da batirinsa mai kama da kwabo yana magance wannan da kuɗi kaɗan. Zafi ma sai an kula. Pi tana fara rage gudu da kanta a digiri 80, kuma a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, a ƙarƙashin kwano, cikin akwatin ƙarfe da aka kulle don ɓarayi, kaiwa nan ba wuya. A sa mata ƙarfen shan zafi da fanka, a huda akwatin, a hure ƙura duk wata.

Yanzu darussan kansu, waɗanda su ne dalilin duk wannan wahala. Kolibri tana zuwa ne fanko. Darussa suna cikin tashoshi, wato kundin darussa na kowane mai wallafawa, ana shigo da su ta hanya uku: daga intanet kai tsaye, daga filas ko faifan da wani ya kwafo, ko daga wata Kolibri da ke kan rauta ɗaya. Hanya ta biyu ita ce alherin abin. Mutum ɗaya ya sauke a gari inda sabis yake da ƙarfi, ya fitar a faifai, makaranta goma su kwafa ba su taɓa data ba. Kada a ɗauki tasha dungurungum. Khan Academy ta Turanci gigabait gommai ce, amma manhajar tana barin a zaɓi babi-babi, tana kuma nuna nauyin abin da aka zaɓa da gurbin da ya rage kafin a fara.

Khan Academy ce ƙashin bayan lissafi, bidiyo da atisaye masu yi wa yaro maki nan take. PhET ta Jami'ar Colorado Boulder, wadda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, ita ce ta fi burge ni ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje: yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar tablet, ya ƙara turjiya ya ga haske ya ragu, ya haɗa ba daidai ba ya ga abin ya kama da wuta. Darasin lantarki da aka saba zanawa a allo a haddace ya zama abin da ake taɓawa. Amma tana son fuska mai faɗi, a ƙaramar waya yatsa ba ya kama abubuwan, tsofaffin tablet masu RAM gigabait 1 kuma suna ja da ƙyar. Akwai CK-12 da OpenStax na karatun kimiyya, akwai African Storybook ta ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu, mai ƙananan littattafan yara masu hoto har da na Hausa. Makarantun Maraɗi da Damagaram za su sami Khan Academy ta Faransanci, wadda Bibliothèques Sans Frontières ta fassara.

Raunin a nan yake, kuma ba ƙarami ba ne. Ana iya juya maɓallai da rubutun manhajar zuwa Hausa, amma darasi yana nan a harshen da aka yi shi. Bidiyon Khan Academy Turancin Amurka ne da sauri, misalansa da dala da mil da inci. Ɗan aji 2 na firamare a ƙauye da bai gama haɗa baƙi da wasali ba, ba abin da zai ɗauka a ciki. Darasin Hausa, tarihin Nijeriya, ilimin zaman ƙasa, addinin Musulunci, noman da ya dace da ƙasarmu, duk sai dai makaranta ta yi nata. Jerin babin ma ba na NERDC ba ne, hukumar da ke tsara manhajar karatun Nijeriya. Aji 7 na Amurka shi ne ya yi daidai da JSS 1 a shekaru, amma abin da sikim ɗin makaranta ya sa a mako na 3 yana iya kasancewa a aji 6 ko 8 a can. Saboda haka aikin farko kafin a raba wa yaro tablet shi ne malamin fanni ya zauna da sikim ɗinsa, mako-mako, ya nemo bidiyo ɗaya ko biyu da atisaye ɗaya da suka dace da kowane batu, ya kalle su da idonsa, ya rubuta. Aikin kwanaki ne a kowane fanni, kuma ba mai yi wa makaranta shi. Inda aka tsallake wannan, yara sukan yi yawo cikin tashoshi suna buɗe wannan suna rufe wancan har a buga ƙararrawa.

Mai son saka nasa kayan zai bi ta Kolibri Studio, wani shafi ne daban kuma shi sai da intanet. A can ake buɗe tasha, a ɗora PDF ko MP4 ko MP3, a rubuta tambayoyi masu zaɓi, ko na gaskiya ko ƙarya, ko masu amsa da lamba, a jawo abubuwa daga wasu tashoshi a jera su bisa sikim. In an wallafa sai a ba da wata 'yar kalmar shiga mai haruffa goma, da ita ake jawo tashar zuwa saba. Duk gyaran da aka yi sai an sake wallafawa, an kuma sake jawowa, mutane da yawa suna gyara a Studio su yi ta mamakin rashin ganin canji a aji. A nan Kolibri ta gaza a ganina: malami ba zai iya zama a gaban sabar makarantarsa ya rubuta tambaya goma na gwajin gobe ba, dole ya fita neman sabis. Manhajar da aka yi don inda ba intanet ya kamata a ce ta sauƙaƙa wannan. Bidiyon da malami ya ɗauka da waya kuma a matse shi zuwa 480p kafin a ɗora, in ba haka ba minti 5 zai cinye ɗaruruwan megabait ya toshe rauta. Littafin da wani ya wallafa yana sayarwa kuwa ba a ɗaukar hotonsa a ɗora, haƙƙin mai shi ne.

Buɗe wa yara asusu ƙaramin aiki ne da ke jawo babban ruɗani. A ajinmu Aisha biyar da Muhammad bakwai ba abin mamaki ba ne, manhajar kuma ba ta karɓar sunan shiga iri ɗaya sau biyu. A yi amfani da aji da lambar rajista, kamar j1a07, cikakken suna ya zauna a gurbinsa. Ga 'yan firamare a cire kalmar sirri gaba ɗaya, akwai saitin haka, in ba haka ba rabin darasi zai tafi a "Malam, na manta". Ana iya shigar da ɗaruruwan sunaye lokaci guda daga fayil ɗin CSV, wato jadawalin sunaye da ake iya yi a Excel, amma a kula da zaɓin da ke goge duk wanda ba ya cikin fayil ɗin, wanda ya danna shi da jerin aji ɗaya zai share sauran makarantar. Sannan a rufe ƙofar shiga ta baƙo. Yaron da ya shiga ba da asusu ba zai yi aikinsa, amma ba abin da zai isa wurin malami.

Isar aikin yaro wurin malami kuwa ita ce ainihin abin da ya sa nake ba da shawarar Kolibri, fiye da bidiyon. Bidiyo ko a filas da talabijin ana iya nunawa. Abin da ba a samu a filas shi ne shafin malami. Malam ya haɗa darasi, ya ba aji duka ko rukuni ɗaya, yara suna aiki yana gani a tasa na'urar: wane bai fara ba, wane yana ciki, wane ya gama, wane kuma manhajar ta yi masa alamar yana neman taimako saboda ya yi ta faɗuwa a tambaya. Akwai kuma shafin da ke tattaro tambayoyin da suka fi kayar da yara. A ɗauki tara firakshan a JSS 1. An ce a tara 1/2 da 1/3, malam ya buɗe amsoshi ya ga yara da dama sun rubuta 2/5. Nan take ya san cutar: suna tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Sai ya ce a kife tablet, ya koma allo minti biyar ya nuna musu cewa 2/5 ko rabi bai kai ba, to yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? A aji mai yara 80, da littafi da jan biro, wannan kuskure sai bayan mako guda malam zai gano shi, in ma ya sami lokacin duba littattafan, lokacin an wuce zuwa wani babi.

Atisayen ba ya ƙarewa don yaro ya amsa tambaya kaza, sai ya ci adadin da aka gindaya, misali 3 cikin 5 na ƙarshe, ko 5 a jere. In ya nemi manhajar ta ba shi haske kan amsar, wannan tambayar ba ta shiga lissafinsa. Wannan yana rage cankar amsa. Gwaji kuma ana iya sa tambayoyinsa su zo wa kowa a jeri daban, maƙwabci bai amfana da leƙe ba. Amma a yi hattara da alamar "ya gama" a kan bidiyo. Lokacin da bidiyon ya yi yana tafiya take ƙirgawa, yaro yana iya kunna shi ya juya yana hira. Makin atisaye shi ne shaida.

Duk wannan sai malam yana buɗe shafin. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 kan rabon laftof na shirin One Laptop per Child a makarantun karkarar Peru bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba, duk da yara sun sami na'urorin a hannunsu. Kolibri ma in aka mayar da ita wurin ajiye yara malam ya tafi ofis, sakamakon ba zai bambanta ba. Horon malamai ya fi kyau a yi shi a kan darasin da za su koyar mako mai zuwa, kowa ya haɗa nasa, ya shiga a matsayin ɗalibi ya yi shi, ya dawo ya karanta rahoton.

A aji, darasin minti 40 ya yi kaɗan. Rabawa da shiga da karɓa suna cin minti 10 zuwa 15, don haka a nemi darasi biyu a haɗe a jadawali. In yara 80 ne tablet 20, a raba su gida biyu: 40 su zauna bibbiyu a kan tablet, 40 suna aikin littafi da malam, a yi musanya a tsakiya. Zaman bibbiyu yana da amfani don suna gardama a kan amsa, sai dai asusun mutum ɗaya ne yake samun makin, saboda haka su riƙa karɓa-karɓa, kuma kowa ya fita daga asusunsa kafin ya miƙa. Bidiyo kuma gara a nuna shi sau ɗaya ga kowa a talabijin ko majigi, malam yana tsayarwa yana bayani da Hausa, tablet ya zama na atisaye. Hakan ya sauke wa rauta nauyi, ya kawar da hayaniyar bidiyo 20 a ɗaki ɗaya, ya kuma rage sayen abin sawa a kunne da ba ya zango guda bai tsinke ba. A liƙa wa kowane tablet lamba, a rubuta wanda ya ɗauka.

Akwai abubuwan da kada a sa rai da su. Kolibri ba ta duba insha'i, ba ta koyar da rubutun hannu, ba ta haɗa makin gwaji da na jarrabawa ta fitar da katin sakamako. Rahotonta dai ana fitar da shi a CSV a ƙarasa a Excel. Ba kuma manhajar shirin JAMB ba ce, ko da yake yaron da ya saba amsa tambaya a fuskar na'ura ba zai firgita ba ran da ya zauna jarrabawar, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Mai neman darasin da aka gina a kan tsarin karatun Nijeriya tun asali ya duba Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, ko uLesson ga mai iya biya. Mai son Wikipedia ba intanet, har da ta Hausa, manhajar Kiwix zai ɗora, kuma tana zama lafiya a saba ɗaya da Kolibri.

Makarantar da za ta fara, ta fara da laftof ɗaya, rauta ɗaya, aji ɗaya, fanni ɗaya, na zango guda, kafin a kashe kuɗi a kan tablet 50. Duk Juma'a a tsayar da Kolibri, a kwafi fayil ɗin db.sqlite3 daga babban fayil mai suna .kolibri zuwa filas, a ajiye filas ɗin a wani ɗaki daban da sabar. Bidiyo in sun ɓace ana sake kwafowa daga maƙwabta, makin yara na zango biyu ba inda za a samo shi. Kalmar sirrin babban mai kula, wato asusun da ke da iko da komai a manhajar, kuma kada ta zauna a kan mutum ɗaya, domin canjin wurin aiki yana zuwa ba sanarwa. Mutum biyu su san ta, a rubuta ta a ambulan a kulle a ofishin hedimasta. In duk da haka ta ɓace, ba sai an goge komai ba: a kan sabar kanta a buga kolibri manage createsuperuser, a buɗe sabon mai kula, ajujuwa da makin yara suna nan yadda aka bar su.